Takwarar 'Yar Malamar Lissafi

Tunda abincin bitar nan ya ƙi isowa, ku jawo kujerunku nan inuwa in ba ku abin taunawa. Ke mai latse-latsen waya, kife ta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina shiga azuzuwa ina duba malamai, na tabbatar da wasu, na sallami wasu, ban taɓa yanke hukunci na koma gida ina juyayi ba. Sau ɗaya tak aka kawo mini shari'ar da ta fi ƙarfina, ita ma ba ta aiki ba ce, ta sunan jaririya ce. Ku malaman lissafi ku ne masu bugun ƙirji wai kowace tambaya da amsarta. To, yau zan ga iyakarku.

A wani gari ne da ba zan faɗi sunansa ba, don masu labarin sun bar jikoki. Akwai wata malama a ƙaramar sakandaren 'yan mata, sunanta Suwaiba, tana koyar da lissafi a aji biyu. Aikin gwaji take yi, irin wanda sai an zo daga ofis an zauna a bayan ajinki an ga kamun ludayinki, sannan a tabbatar da ke ko a ce ki kama gabanki. Mahaifiyarta Habi ta rasu ba ta bar mata gida ko gona ba, sai ƙawaye uku. Akwai Barira, tsohuwar malamar Hausa a makarantar, saura shekara guda ta aje aiki. Akwai Saude mai waina a bakin kasuwa. Sai Furera mai kitso, wadda rabin kawunan matan garin a hannunta suke. Suwaiba duk Inna take ce musu.

Su ukun nan tare suka yi wasan ƙasa da Habi, tare suka yi gaɗa, amma ba a taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba. Kowace ta rantse ita ce aminiyar Habi ta ƙut da ƙut, sauran biyun cikon benci ne. Habi kuwa, Allah ya jiƙanta, ta tafi ba ta raba gardamar ba, sai kishin ya sauka kacokan a kan 'yarta. In Suwaiba ta leƙa gidan Barira da safe, kafin azahar Saude ta ɗaure fuska. In Saude ta aika mata waina, Furera za ta turo a ce ta zo a gyara mata kai, ko da jiya aka yi kitson. Baiwar Allah har tsarin ziyara ta yi, kamar jadawalin darussa, don kada wata ta ce an fifita wata.

Ana haka aka yi jarrabawar zango, ajin Suwaiba ya zube warwas a kan buɗe baka. Kun san abin: a rubuta 3(x + 2), a ce yarinya ta buɗe bakan, ta ninka kowane abu da ke ciki da ukun da ke waje, ta samu 3x + 6, ta kuma gane cewa rubutu biyun nan abu ɗaya suke faɗa. Yara hamsin da takwas, bakwai suka ci. Sakamakon ya iso teburina, na rubuta takarda cewa Laraba ta sama ina tafe, kuma wannan darasin nake so in gani. Suwaiba tana da ciki wata bakwai a lokacin. Takarda ta isa hannunta, ta koma gida ta rufe ɗaki tana kuka.

Su ukun suka zo lallashi. Ba wai sun haɗa baki ba ne, kowace ta ji labarin ɗaya ta tafi ne ta yafa mayafi ta bi sahu. A gabansu, cikin kuka, Suwaiba ta yi suɓul da baka ta ce, "Wallahi duk wadda ta fitar da ni kunyar nan, in Allah ya ba ni mace, sunanta zan sa." Mijinta Ɗayyabu dama ya bar mata zaɓin suna in mace ce, 'yarsu ta fari kuma ta riga ta ci sunan Habi. Babu wadda aka taɓa yi wa takwara a cikin su ukun, kuma kowace ta gane cewa wadda ta samu wannan, ita ce ta ci gardamar shekara arba'in.

Barira ta fara motsawa. Lissafinta bai wuce sau goma sha biyu ba, x kuwa a wurinta harafi ne da ko a cikin baƙaƙen Hausa babu shi. Ta je ta roƙi shugabar makaranta takardun jarrabawar, aka yi ta mata dariya a ɗakin malamai, wai malamar karin magana za ta gyara lissafi. Ta haɗiye. Likita ya hana ta dogon karatu saboda idonta, amma ranar Asabar da hantsi ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ɗora tabaraunta, ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Ba ta karanta aikin ba, don ba za ta gane ba. Layin ƙarshe kawai take dubawa, ta aje mai kama da mai kama, yadda ake tsintar wake. Bakwai suka tafi gefe guda, su ne masu amsar daidai. Biyar kowace da nata shirmen. Sauran arba'in da shida suka hau kan juna, duk sun rubuta 3x + 2. Ta ɗaure su da zare ta kai wa Suwaiba, idonta na zubar ruwa, ta ce, "Kin ce yaranki ba su san komai ba, kin ɗauki alhakinsu. Waɗanda ba su san komai ba, kowa hanyarsa daban yake ɓata. Waɗannan rami ɗaya suka faɗa." Suwaiba ta duba, sai ta riƙe baki. Yaran suna ninka abu na farko da ke cikin baka, su kwaso na biyun yadda yake. Ita kuwa sau uku tana maimaita babin tun daga farko, tana zabga jan biro, ba ta taɓa tsayawa ta ga inda ƙafarsu ke zamewa ba. Gidan Barira yana gabas da makaranta, amma ran nan ta yamma ta koma, ta bakin kasuwa, tana tafe tana ba matan kasuwa labari da ƙarfi don ya shiga kunnen da take so.

Ya kuwa shiga. Saude ta wuni tana juya waina kamar da ita take faɗa. Suwaiba dai ta san ciwon amma ba ta da magani, don ta zana kibiyoyi a allo daga ukun zuwa x, daga ukun zuwa biyu, yara suka gyaɗa kai, washegari suka koma gidan jiya. Sai Saude ta aika a kira ta, ta ce, "Wai me mai tabarau ta gano da aka hana mu sakat?" Suwaiba ta yi mata bayani iya yadda za a yi wa wadda ba ta taɓa riƙe alli ba. Saude ta saurara, ta taɓe baki, ta nuna murhunta. Tanda biyu ne a jere, babba da ƙarama, maƙeri ɗaya ya ƙera su, kowace layi uku. Ƙaramar gurbi biyu-biyu ne a layi, babbar huɗu-huɗu. Ta ce, "In ina zuba ƙullu, layi nake bi, daga bakin babbar har ƙarshen ƙaramar, shida, shida, shida. In ina kwashewa kuwa, tanda nake bi, sha biyu a nan, shida a can. Shekara talatin ina yi, wainar ba ta taɓa ƙaruwa ko raguwa don na sauya hanyar ƙirga ba." Ta jawo wani zane ta rufe wata babbar tandar da ke jingine, ta ce, "Ga abin naku da ba a sani ba. Ko gurbi nawa ne a ƙarƙashi, ƙaramar dai shida ce, ba biyu ba." Suwaiba ta durƙusa a gaban murhu da tsohon cikinta tana kallon tanda kamar yau ta fara ganinta. Saude ba ta taɓa taka harabar makaranta ba, tana jin nauyin 'yan boko, kuma babbar tandar gadon uwarta ce, ko maƙwabciya ba ta ara wa. Duk da haka ta ce ranar Laraba za ta kashe wutarta, ta bar masu sayenta su koma wurin abokiyar gasarta, ta ɗauko tandunan da kanta ta kai aji. Ta ƙara da cewa a gaya wa Barira ta zo ta ga yadda ake koyarwa.

Furera da farko cewa ta yi ita ba ruwanta da boko. Da ta ji Barira ta gano ciwo, Saude ta kawo magani, abinci ya ƙi shiga bakinta. Ba ta da karatu, ba ta da tanda, sai ta zauna tana kitsa kan mutane tana cin rai, har wata ta yi ƙorafin ana ja mata gashi. To amma mace in kanta na kan cinyar mai kitso, bakinta ba ya rufuwa. Wata ta ce ranar Laraba 'yarta za ta kai mata daddawa kasuwa, wata ta ce tata za ta tsare mata rumfa, sai Furera ta tsaya cak da tsinke a hannu. Larabar da na zaɓa ita ce kasuwar garin, kuma ita ce ta ƙarshe kafin Sallah. Ni ban sani ba, daga ofis na duba kalanda na ɗora yatsa. Ko a kasuwar da ba ta Sallah ba, da ƙyar yara goma sha biyar ke zuwa ajin, ƙa'idarmu kuwa in ɗalibai ba su kai rabi ba, ba a duba darasi, kuma a kan malama ake rubuta laifin. Suwaiba ta roƙi yaran, amma yara ba su ke da ta cewa ba. Furera ta ɗaure gwiwarta mai ciwo da tsumma, ta shiga gari. Kwana uku, gida arba'in da wani abu, kuma ba roƙo ta je yi ba. Ko'ina magana ɗaya take direwa: "Duk wadda 'yarta ba ta aji ranar Laraba, ta nemi mai taɓa mata kai Sallar nan." Matar dagaci ta ji haushi ta ce an yi mata rashin kunya, ta janye kanta da na 'ya'yanta da na surukanta, ba su sake dawowa wurin Furera ba har ta bar duniya. Ranar Laraba da sassafe Furera ta je ta tsaya a mararrabar hanyar kasuwa, duk yarinyar da ta ɓullo da tire a ka sai ta karɓe ta aje a gefenta, ta nuna mata hanyar makaranta.

Ni kuma na iso da takardar sallama a jaka, na riga na cika rabinta, ba zan ɓoye muku ba. Na shiga aji na tarar da yara hamsin da biyar, wasu ko kayan makaranta ba su samu sakawa ba. Ga ƙamshin man gyaɗa, ga wata dattijuwa a gefen allo ta sunkuyar da kai, ga tanduna a kan tebur. Na ce a raina yau kuma wasan kwaikwayo za a yi mini. Suwaiba ta rufe babbar tanda da zane, ta jera ta da ƙaramar. Ta sa rabin aji su rubuta yawan waina in an bi layi, suka rubuta 3(x + 2). Ta sa ɗaya rabin su rubuta in an bi tanda, suka rubuta 3x + 6. Aka yaye zane, gurbi huɗu-huɗu, waɗannan suka samu sha takwas, waɗancan ma sha takwas. Aka sauya da mai biyar-biyar, kowa ya samu ashirin da ɗaya. Na miƙe na karɓi alli, don ni ba a burge ni da sauƙi, na rubuta 3x + 2, na nuna wata siririya a can baya mai suna Tasalla, na ce wannan fa, ɗaya ne da na farkon? Ta ce, "A'a, Malama. An kwashe babbar duka, ƙaramar kuma layi ɗaya aka kwashe, an bar huɗu suna ƙonewa." Na sa aka fitar da tandunan waje, na ba su 4(x + 5), na ba su 6x + 12 na ce su mayar da shi cikin baka. Arba'in da tara suka ci duka biyun. Na yaga takardar da na zo da ita, na rubuta wata, aka tabbatar da Suwaiba a aiki. Ina fitowa na ga Barira a jikin taga, Furera a bakin ƙofar makaranta, Saude na ɗaure tandunanta, ba wadda ta kalli wata.

Bayan wata biyu Suwaiba ta sauka lafiya, aka samu mace. Da namiji ne da kowa ya huta. Tun ranar barka gidan ya zama filin daga. Wannan ta kawo turmin atamfa, waccan ta kawo biyu. Wannan ta dama kunun kanwa, waccan ta ɗanɗana ta ce ya yi tsararo. Jaririya kuwa in tana hannun ɗaya, sauran biyun sai su ga ba a iya riƙon ba. Da abin ya ishi Suwaiba, sai ta aiko mini, wai tunda ni na ga komai da idona, kuma ba ni da dangi a garin, in zo in raba. Na je ana gobe suna, kowace ta ja ni gefe.

Barira ta ce ita ta gano ramin. Ba don ita ba, da Suwaiba na nan tana maimaita babi tun daga farko, Saude kuma ba ta da abin da za ta nuna da tandarta, don ba a ba da magani sai an san ciwo. Ta ce idonta na hagu bai koma daidai ba tun ranar, kuma Saude ba don Allah ta yi ba, don ta ji an yabi wata ne.

Saude ta ce sanin ciwo ba ya warkar da kowa. Bayan an gano ramin ai kwana nawa yaran suka yi suna komawa cikinsa, mai tabarau tana ina? Ta ce abin da ya sa na yaga takarda amsar Tasalla ce, amsar Tasalla kuwa daga tandarta ta fito. Ta ce Furera ba taimako ta yi ba, tsoro ta ba mutane, shi ma sai da ta ga za a bar ta a baya.

Furera ta ce su biyun su je su koyar da bencuna. Da na shigo na tarar da yara goma sha biyar, da ko zama ba zan yi ba, balle a yaye zane. Ta ce su abin da suke da shi suka bayar, ɗaya karatu, ɗaya tanda, ita kuwa da ba ta da komai mutuncinta ta kashe gida-gida. Ta ce Barira ma da ke wa'azi, wa ya aike ta ta bi ta kasuwa?

Abin haushin, duk gaskiya suka faɗa, har zargin da suke wa juna. Babu wadda ta motsa sai da kishi ya tsikare ta, kuma babu wadda za a cire aikinta abin ya tsaya. Ni kaina, in faɗa muku tsakani da Allah, sai da kishin ya taɓa ni. Malamai nawa na tabbatar a aiki, ba wadda ta taɓa cewa za ta sa wa ko 'yar akuyarta sunana, ga wasu uku ana rabon takwara suna yanga.

Na ga bakinka yana motsi, kai mai jar hula. Za ka ce a haɗa mata suna uku. An kawo wannan, Ɗayyabu ya ce 'yarsa ba motar haya ba ce, su kuma suka ce to na wa za a fara kira? Za ka ce a jira haihuwa ta gaba. Kowace ta ce ba ta ƙi ba, in dai ita ce ta yanzu. Za ka ce a sa wani suna can daban. Suwaiba ta rantse da Allah a gaban shaidu uku, kuma ko ta yi kaffara, su ukun za ta rasa a rana ɗaya maimakon biyu. Don kowace ta faɗa mini, ba cikin fushi ba, cewa in aka kira sunan wata, ta san matsayinta a wurin Habi da 'yar Habi, ƙafarta kuma ta bar gidan.

Gari ya waye, rago na ɗaure, maza sun cika ƙofar gida, an fito da goro. Barira na zaune bakin rijiya, Saude a ƙofar madafa, Furera a gindin turmi, kowace ta ci ado ta kafa wa ƙofar ɗakin ido. Ɗayyabu ya shigo ya tsaya a bakin labule, ya yi gyaran murya ya ce, "Suwaiba, liman na jira." Ta dubi 'yar da ke cinyarta, hawaye na ɗiga a kan zanen goyo, ta ɗago ta dube ni. Ni da malamai ke rawar jiki in sun ji takuna, sai ga ni ina ƙirga zaren tabarma.

Kada wanda ya tambaye ni abin da aka raɗa, naku nake son ji. To, ku da kuka iya buɗe baka: tsakanin Barira da ta gano ramin, da Saude da ta cike shi, da Furera da ta kawo yaran, sunan wa Ɗayyabu zai kai wa liman?